Kwamfutar da Ruwanta Ba Shi da Mafita

Akwai wani mai haɗa kwamfuta da abokan sana'arsa suka laƙaba wa suna Sau-Ɗaya. A bakinsa aka tsinci sunan, don kullum cewa yake shi sau ɗaya yake aiki, abin da ya ɗaure ba a sake kwance shi. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki. Illarsa dai ita ce ya san ya iya, kuma ba ya bari kowa ya manta.

Yana da ƙanwa, autar gidansu, tana shekarar ƙarshe a karatun zanen gine-gine. Aikinta na kammalawa wani ɗakin karatu ne mai hawa-hawa, wanda za ta nuna wa malamai a hoto mai motsi, kamar mutum na yawo a cikin ginin. An sa ranar nunawa, kuma dokar makarantar ba ta da sassauci: wanda aka kira sunansa ba ya nan, sai baɗi.

'Yar kwamfutarta ta hannu kuwa ta gaji. Da an ɗora mata wannan aiki sai ta yi zafi kamar dutsen guga, ta yi gurnani, ta ɗauke. Wata rana Auta ta zauna a gabanta tana share hawaye, yayanta ya shigo ya tarar.

"Kina da ni a gidan nan kike kuka a kan kwamfuta?" in ji shi. "Zan haɗa miki wadda ruwa ke sanyaya ta. Ko wata guda za ta yi tana aiki ba za ta yi gumi ba."

Ga wanda bai sani ba, abin kamar mota ne. Akwai ɗan tanki, akwai ƙaramin inji mai tura ruwa. Ruwan na bi ta cikin bututu ya ratsa sassan da ke ɗaukar zafi, ya wuce lagireto inda fankoki ke fifita shi, ya dawo tanki. Babban aikin ba ɗaurewar ba ce, tsarawar ce: ina kowane abu zai zauna a cikin akwatin kwamfutar, kuma ta ina bututu zai bi.

Tun daga ranar da kayan suka iso, zama bai sake ganin Sau-Ɗaya ba. Ya baje su a kan teburin falo har Mama ta rasa inda za ta ajiye faranti. Ya sa tanki a dama, ya ja baya ya kanne ido ɗaya, ya dawo ya mai da shi hagu. Ya ɗora lagireto a sama, ya ga ya tokare wani abu, ya sauko da shi gaba, ya ga bai yi masa kyau ba, ya sake mayarwa. Yana cikin cin abinci sai ya miƙe da loma a baki ya nufi abin awo.

"Kai wai ƙaya ce a kujerar nan?" Mama ta tambaye shi. "Ka zauna ka ci, akwatin ba gudu zai yi ba."

"Mama, kwana ɗaya ne ya rage mini."

"Jiya ma haka ka ce."

Duk wannan safa da marwa a kan abu ɗaya ne. Gefen akwatin gilashi ne, shi kuma so yake duk wanda ya leƙa ya riƙe baki. Bai yarda da tiyo mai lanƙwasa ba, sai bututu mai tauri, irin wanda ake gasawa a tanƙwara, in ya huce kuma shi ke nan. Yana so bututan su jeru sambal a gaba, babu wanda ya karkace.

Auta ta zauna kusa da shi tana kallon zanen da ya yi. Ita aikinta ke nan a makaranta, duba inda abu zai shiga da inda zai fita. Ta ɗauko wani ɗan ƙarfe daga cikin kwali.

"Yaya, wannan fa? Ban gan shi a zanen ba."

"Famfon zubar da ruwa ne. A can ƙasa ake sa shi."

"To ina wurinsa?"

"Ba shi da wuri. Na gwada shi ko'ina, ɓata mini tsari yake yi. Ya fito zuru kamar famfon banɗaki."

"In ana so a zubar da ruwan fa?"

"Wa zai zubar? Me zai sa a zubar?"

Ta sake nuna wani wuri da yatsa. Ma'ajiyar da aikinta zai zauna a ciki wata 'yar siririya ce, ba ta fi yatsa ba. Fanel ɗin, wato babban faifan da ake dasa sassan kwamfutar a kai, yana da gurbinta biyu, ɗaya a fili, ɗaya a ƙarƙashin katon katin da ke sarrafa hoto. Shi ya zaɓi na ƙarƙashin, don takardar da ke manne a jikinta kada ta fito a gilashi. Bututu uku kuma za su gitta ta gaban katin.

"Yaya, in wani abu ya faru, yaya za a ciro ta? Mu a wurinmu ko ginin ya kai me kyau, in babu magudana da ƙofar gudu, malami ba ya ma ƙarasa dubawa."

Ya yi dariya har da dafa ciki. "Auta ke nan. Kin zana gida a takarda kin zama injiniya. Ki bar wa mai abu abinsa."

Abin ya yi mata ciwo, amma yayanta ne, kuma taimakonta yake yi. Ta mai da ɗan famfon cikin kwali ta tashi.

Da ya gama, ni ma da na gani da na yaba. Ruwa shuɗi yana zagaya a cikin bututu, fitilu na walƙiya, ba ƙara ba zafi. Abokansa suka yi ta zuwa kallo, shi kuma yana tsaye a gefe yana shafa gemu. Auta ta kwashe aikinta gaba ɗaya ta zuba a ciki, ta duƙufa. Abin da ya rage a tsohuwar kwamfutarta somin-taɓi ne kawai, wanda ba ya nunuwa a gaban kowa.

Ana gobe nunawa ta sa kwamfutar ta fara haɗa hoton ƙarshe, aikin da zai kai safiya. Ta so ta tsayar ta kwafi abin da ya samu, yayanta ya ce kada ta katse, da safe ta kwashe duka lokaci ɗaya.

Da safe ta shirya, ta ɗauki jaka, ta zo kwafa. Allo baƙi ƙirin. Ta danna, shiru. Ta sake dannawa, shiru.

"Yaya, zo ka gani."

Ya haska fitilar waya ta gilashin. Wani mahaɗin bututu a sama ya ɗan saki, ruwa na ɗiga a hankali, ya sauka a kan fanel. Wannan ba abin kunya ba ne, yana faruwa ga gwanaye ma. Kwamfutar ba za ta tashi ba a ranar, amma ma'ajiyar tana can a bushe. A ciro ta kawai, a jona da wata kwamfutar, a wuce makaranta.

Sai dai kafin a kai ga ma'ajiya sai an cire kati, kafin a cire kati sai an kwance bututu, bututun kuma cike suke da ruwa. Da akwai famfo a ƙasa, roba kawai za a tara a murɗa, kafin shayi ya huce an gama.

Ya buɗe murfin tanki ya kawo sirinji ya fara zuƙa. Ya zuƙa ya zubar, ya zuƙa ya zubar. Tanki ya ƙare, amma ruwan lagireto da na bututu ya ƙi motsi. Ya karkata akwatin dama, ya karkata hagu, ya ɗaga shi ya girgiza. Gumi ya jiƙa masa riga. Auta tana kai-komo tsakanin ƙofa da tebur, wayarta na ta ƙara, ƙawayenta na cewa an fara kiran suna.

"Yaya, ka yanke bututun."

"Ki ɗan ba ni lokaci."

"Ka sa tawul ka yanke. Ni 'yar ma'ajiyar kawai nake so."

"Kin san wahalar da na sha kafin in tanƙwara waɗannan? In na yanke, ruwa zai sauka a kan katin. Yanzu zan gama."

Nan ne raina ya fi ɓaci da shi. Kuskuren farko a ce ajizanci ne. Amma a wannan safiya yana ganin lokaci na ƙure wa ƙanwarsa, shi kuma bututunsa yake tausayi. Ya ci gaba da sirinjinsa, rana na ɗagawa.

Mama ta tsaya a bakin ƙofa ta daɗe tana kallonsu. Ba ta san komai game da kwamfuta ba, amma ta san 'ya'yanta.

"Wai wanne ka fi so a cikinsu," ta ce a hankali, "akwatin ko yarinyar?"

Sai a lokacin ya ajiye sirinji. Ya cusa tawul, ya kwantar da akwatin ta yadda ruwan zai gangara nesa da ma'ajiya, ya sa ɗan zarto ya yanke. Shuɗin ruwa ya malale kan katin, ya bi tebur ya sauka a kafet. Ya zare kati, ya kwance ma'ajiya. Duka aikin bai ɗauki wani lokaci ba.

Suka fita a guje, ya goya ta a babur. Suka tsaya shagonsa aka jona, aiki na nan lafiya lau, hoton ma ya kammala kafin kwamfutar ta ɗauke. Aka kwafa, suka sake cin hanya, ga cunkoso, ga danja ko'ina ja.

Ya tsaya a waje, ita ta shiga da gudu. Ya zauna a kan babur, ya sauka, ya zagaya, ya sake hawa. Hannun rigarsa duk shuɗi. Bai daɗe yana jira ba, kuma rashin daɗewar ne ya nuna masa ba lafiya.

Ta fito tana tafiya a hankali. An kira sunanta, an sake kira, malamai sun tashi.

"Sun ce sai baɗi," in ji ta.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba. Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ya miƙa mata hannu.

"Kawo ma'ajiyar, Auta. Zan sake haɗa miki wata, wannan karon..."

Ta dubi hannun, ta dube shi. Ta naɗe 'yar ma'ajiyar a hankici, ta sa a can cikin jakarta, ta ja zif.

"Bar shi, Yaya. Zan riƙe abina."

Darasi: Duk abin da za ka tsara, ka tsara shi da tunanin ranar da zai lalace, ka bar wa gyara hanya. Kada kyan aikinka ya toshe maka kunne daga tambayar na ƙasa da kai, kuma in ɓarna ta zo, ka fara ceton mutum kafin kaya. Kati da bututu ana sayen wasu, amma shekarar wani da yardarsa ba a kasuwa suke ba. Ku tura wa duk wani gwani da kuka sani, musamman wanda ba a isa a yi masa gyara ba.