Gadon Karan da Inna Tasalla Ta Ƙi Hawa

An yi wani sarki mai suna Almu, mai taushin zuciya da saurin yanke hukunci, wanda ya gina gidan magani a gindin duwatsun ƙasarsa saboda talakawansa na kan dutse, ya zuba likitoci, ya kuma tanadi gadajen kara da ƙarti masu sauko da marasa lafiya. Shekara ta zagayo, gadajen nan babu wanda ya hau su sai ƙura, fadawa kuwa suka ce ai mutanen dutse ba su san alheri ba.

Ana haka labari ya zo cewa Inna Tasalla, tsohuwar da ta yi renon sarki, tana can ƙauyensu na kan dutse tari ya kwantar da ita, kuma ta ƙi saukowa. Hankalin sarki ya tashi ƙwarai, domin yana ƙaunarta kamar mahaifiya. Ya kira Waziri Mamuda ya ba shi kwana bakwai, ko dai ya sauko da ita, ko ya zo da hujjar ƙinta.

Waziri dattijo ne mai teɓa, bai kai rabin hawa ba gwiwoyinsa suka ce ba da su ba, sai ƙarti huɗu suka ɗora shi a gadon karan da aka tanada don Inna. Shigarsu ƙauyen ke da wuya mata suka fashe da kuka, maza suka ɗauko fartanya za su haƙa kabari. Da mamacin ya ɗaga kai ya yi sallama, ya roƙi ruwan sha, aka bayyana masa cewa a nan gawa kaɗai mutum huɗu ke ɗauka a kwance, don haka mara lafiya ya gwammace ya yi jinya a ɗakinsa da ya ji ana kukan mutuwarsa da ransa.

Da ya isa gaban Inna Tasalla da saƙon sarki, ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sannan ta ce, "Waziri, ka gaishe min da yaron nan. Ka tuna masa lokacin da ƙyanda ta kwantar da shi, ban aika masa ya zo murhu ba, ni na kai masa kunun."

Waziri ya sauko da ƙafarsa, ya faɗi gaban sarki ya isar da saƙon, ya ƙara da cewa, "Allah ya ba ka nasara, niyyarka kyakkyawa ce, amma mun ajiye magani inda mai lafiya kaɗai ke iya zuwa."

Hawaye suka zubo wa sarki. Washegari ya hau dutsen da ƙafa, babban likita na biye da shi yana haki. Inna ta dube shi ta ce ya rame, sannan ta karɓi maganin daga hannunsa, kuma Allah ya tashi kafaɗarta.

Daga nan sarki ya yi umarni a gina ɗakin magani a kowane ƙauyen dutse, likitoci su riƙa hawa kowace ranar kasuwa, a kuma koyar da 'ya'yan ƙauyukan aikin jinya. Ya ba Waziri alkyabba, da alfadari saboda gwiwoyinsa.

Adalcin mai mulki bai cika ba sai ya taka ya iske wanda ba shi da ƙarfin zuwa nemansa.