Ranar da Surayya Ta Kifa Babur Ɗinta

Akwai wata budurwa a Libreville mai suna Surayya, 'yar Malam Hamadou bakaniken babura na unguwar Oloumi. Yarinyar nan a gareji ta yi rarrafe. Sa'o'inta na wasan 'yartsana, ita tana wanke noti cikin fetur. Mahaifiyarta Rakia ta yi faɗa har ta gaji, kullum rigar makaranta sai ta dawo da baƙin mai.

Da ta girma sai ta kamu da son tseren babura na daji, wanda ake yi can gaba da unguwar PK8 a gefen gari, cikin jar laka da ramuka da rafuka. Matan unguwarsu ta Nkembo suka yi ta cewa Hamadou ya sangarta 'yarsa. Ko a jikinta! Ta cusa hijabinta cikin hular kwano ta wuce abinta.

Ita da babanta suka haɗa babur ɗin tsere daga tarkacen gareji. Inji ne kaɗai suka sha wuya kafin su samu. Ran da ya tashi, Malam Hamadou ya ce:

"Surayya, na ba ki izini. Amma inji ɗaya gare mu. Ran da kika kashe shi tsere ya ƙare, kuma ba na son kuka."

"Ba zan kashe shi ba, Baba. Kuma sai na wuce su duka."

Ranar tsere ta zo bayan an yi kwanaki ana tafka ruwa. A layin tashi akwai Uwaisu, ɗan wani mai shago a Nkembo, babur sabo fil, baki kuma ba birki.

"Hajiya, ɓatan hanya kika yi? Kasuwar Mont-Bouët tana can baya."

"Ka biyo ni kusa-kusa, Uwaisu, ka ga yadda ake yi."

Aka tashi. Wallahi yarinyar nan ta iya! Kafin a yi nisa ta bar kowa a baya, saura Uwaisu kaɗai, suna kafaɗa da kafaɗa. Haka suka faɗa wani rafi a guje, ashe ya cika ya batse. Ruwa har sirdi. Babura biyun suka mutu nan take, da ƙyar suka jawo su gaɓa.

To, duk wanda ya tashi a gareji ya san injin da ya sha ruwa ba a tilasta masa tashi, don ƙarfen cikinsa lanƙwashewa yake yi. Sai an cire buji, wato filogi, an kifa babur, an amayar da ruwan. Aiki ne mai cin lokaci, ga 'yan baya sun samo wurin da ba zurfi suna ta wucewa.

Ran Surayya ya ɓaci ƙwarai. Har ta ɗora ƙafa za ta buga babur ɗin ya tashi, ko Allah zai sa a dace. Sai ta sauke ƙafar, ta zaro sifana.

Ta hango Uwaisu yana tura nasa zuwa gangara, zai tayar da shi da giya.

"Uwaisu, kada ka tura! Ya sha ruwa. Zo in ara maka sifana."

"Buɗe garejinki a nan, ni tsere na zo!"

Ya tura, ya haye, ya saki kuloci. Ƙas! Injin ya yi ƙara ɗaya ya yi shiru.

Ita kuwa ta kifa nata, tayoyi a sama, 'yan kallo suna dariya. Ta yi ta juya tayar baya da hannu, ruwa na tsartuwa daga ramin buji kamar famfo. Ta matse soson tace iska, ta goge buji da gefen hijabinta, ta mayar, ta buga. Ya yi tari, ya yi tari, ya kama!

Cikin 'yan ƙarshe ta iso, laka har gira, hawayen takaici na zuba. Malam Hamadou bai tambayi ta nawa ta zo ba. Ya tsuguna ya kara kunne jikin inji, ya murza mai, ya saurara.

"Ya sha ruwa?"

"Ya sha, Baba."

"Kin kifa shi?"

"Na kifa shi. Duk suka wuce ni ina kallo."

Can nesa ga Uwaisu yana turo sabon babur ɗinsa da ƙafa. Tsohon ya miƙe yana goge hannu.

"Su wuce mana. Wata mai zuwa akwai wani tseren, ko? Tayar bayan nan ta cinye. Gobe ki zo gareji da wuri mu canja ta."

Surayya ta fashe da dariya, hawaye na gauraya da laka a fuskarta.

Darasi: Kada tsoron a wuce ka yau ya sa ka karya abin da zai kai ka gobe. Tsayawa a gyara ba faɗuwa ba ce, ko da ana yi maka dariya. Ku tura wa duk wanda kuka san gaggawa na neman ta ja masa asara.