Munduwar Kuza Mai Kuka

Akwai wani dattijo a bayan garin Jos, kan hanyar Vom, ana kiransa Baba Mwadkon. Da ƙuruciyarsa haƙar kuza ya yi. Yanzu idanunsa sun yi yana, duniya duk ta koma masa dishi-dishi. Gidansa yana kallon wani tsohon ramin kuza da ruwa ya cika ya zama tafki, kore shar, ko motsi ba ya yi.

Kullum da sassafe, hazo yana kwance a kan tafkin, Baba zai fito ƙofar ɗaki ya lulluɓa da bargo. Sai ya ɗauko wata tsohuwar munduwa, ya kai ta kusa da kunne, ya ɗan buɗa bakinta a hankali, ya mayar.

Jama'a, wanda bai sani ba ya sani yau: kuza zalla idan aka lanƙwasa ta ƙara take yi, siririya, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ana taka busasshiyar ciyawa daga nesa. Mahaƙa cewa suke kuka take yi.

Shi ya zuba munduwar da hannunsa, ya ba matarsa Magadaliya tun suna sabon aure. Kowace safiya sai ta buɗa ta kafin ta zura hannu, kuma wannan 'yar ƙarar ce take tashinsa daga barci. Magadaliya ta rasu da daɗewa. Amma da ya ji ƙarar sai ya gan ta tsaye a bakin tafkin, da zanen da take zuwa coci da shi, hazo ya rufe mata ƙafafu, tana yi masa faɗan bai sa hula ba.

Suna da 'ya ɗaya, Fibi, mai shagon gwala-gwalai a cikin gari. Fibi ba muguwa ba ce, kada ku ce na ce. Buhun shinkafa, magani, rigar sanyi, duk tana aikowa da direba. Ita ce dai ganinta ya yi wuya. In ma ta zo, a tsaye take gaisuwa, waya a kunne.

Kuma ta san ƙarfe, wannan ba a ƙwace mata. Tana ɗora abu a tafin hannu za ta gaya maka ko zinari ne ko ruwansa aka shafa.

Da aka sa ranar sujadar godiya ta cikar Baba shekara tamanin, Fibi ta zo duba shiri. Ta tarar da shi da munduwar a kunne.

Ta ce, "Haba Baba, har yanzu wannan abin? Ranar Lahadi manyan mutane za su cika gidan nan fa."

Ya ce, "Ta mamanki ce."

"Na sani. Amma kuza ce, Baba. Ko azurfa da take baƙi in an bar ta, ana goge ta ta dawo fes. Zinari kuwa ko shekara nawa ya yi a cikin ƙasa ba ya tsatsa, ba ya dusashewa, ga nauyi a hannu. Wannan fa? Ba nauyi, ba ƙyalli, ko a kan gawayin gasa masara narkewa za ta yi. Mama ta fi ƙarfin kuza."

Baba ya yi murmushi kawai, ya juya fuskarsa wajen tafkin.

Da rana, yana gyangyaɗi a kujera, Fibi ta zare munduwar ta jefa a jaka. Ta bar wa mai aikin gidan saƙo a ce masa an kai wanki. Ta wuce unguwar Kwararafa wajen Datti, maƙerin da yake yi mata aiki.

Ta ce, "Ka zuba mini irinta sak da zinari. Har wannan ɗan karcen na gefe ka fitar."

Datti ya ce, "An gama, Madam. Tsohuwar fa?"

"Ka yi abin da ka ga dama da ita."

Safiyar Lahadi ta zo da yayyafi. Fibi ta iso da wuri, cike da murna, ta durƙusa gaban mahaifinta ta sa masa sabuwar a hannu. Kai, aikin ya yi kyau! Ko a wannan duhun hadarin sheƙi take yi.

Baba ya jinjina ta. Ya ce, "Yau ta yi nauyi."

Ya kai ta kunne, ya buɗa bakinta. Zinarin ya lanƙwasu lumus, shiru. Ya sake. Ya koma ɗaya kunnen, ya riƙe numfashi. Ba abin da ake ji sai ɗigar ruwa daga bakin kwano.

Ya ce a hankali, "Fibi, mamanki ta yi shiru."

Nan take Fibi ta farga. Shekara da shekaru tana ganin abin a kunnensa, ba ta taɓa tambayar me yake ji ba. Ta ɗauka rikicin tsufa ne.

Ko ɗankwalinta ba ta gyara ba ta faɗa mota sai Kwararafa.

Da ta nemi tsohuwar munduwar, ta gaya masa abin da ya faru, Datti ya dafe kai. "Wayyo Madam! Ai na narka ta da dalma, na ba maƙwabcina mai gyaran lagireto ya yi liƙi da ita. Amma kowace kuza tana wannan ƙarar. Bari in nemo wata in zuba miki, ba zai gane ba."

Fibi tana tsaye, ruwa yana dukanta. Sannan ta girgiza kai. Ta ce, "Na yaudare shi sau ɗaya, ya isa."

Ta dawo ta same shi inda ta bar shi, zinarin a ajiye a ƙasa kusa da takalminsa. Ta zauna a dandamali, ta jingina da gwiwarsa, ta gaya masa komai tana kuka. Ba ta ɓoye ko kalma ɗaya ba. Ta yi ta magana, tana ba da haƙuri, tana zagin kanta, har muryarta ta dushe.

Baba bai katse ta ba. Ya karkata kai, ya lumshe ido.

Da ta yi shiru ya ce, "Ci gaba."

"Baba, na gama. Ka yafe mini."

"Na yafe. Ci gaba da magana dai, ko me ce ce. Ashe muryarta ce da ke, 'yata. Ban sani ba. Ba ki taɓa zama kin yi doguwar magana kusa da kunnena ba."

Wallahi nan ne kukan Fibi ya ɓarke na gaske. Ƙararrawar coci tana ta bugawa can ƙasan dutse, su biyun ba wanda ya motsa.

Munduwar dai ta tafi, ba ta dawo ba.

Darasi: Sikeli yana iya gaya maka nauyin zinari da azurfa, amma ba zai gaya maka abin da wani yake ji game da ɗan abin da ke hannunsa ba. Kafin ka raina abin da tsohonka ya riƙe, zauna ka tambaye shi labarinsa. Kuma aike ba ya maye gurbin zama kusa. Ku tura wa duk wanda iyayensa ke raye, ya je ya zauna da su yau.