Ranar da Kyalle Ya Ƙetare Shinge

Yayana Maharazu mutum ne mai sakin hannu, mai son baƙi, kuma ba ya wasa da salla. Aibinsa guda ne: ba ya iya jin an yabi wani a gabansa. Ko rigar mutum aka ce ta yi kyau, sai ka ga fuskarsa ta canza, kamar daga jikinsa aka cire ta.

Na dawo Jibiya a bazarar 1977, bayan shekara bakwai ina dako a tashar jiragen ruwa ta Ikko. Na tarar gari ya sauya. Manyan motoci sun yi layi a Magama, bakin iyaka, ɗauke da siminti da atamfa da gangunan mai, suna jiran a sallame su zuwa Maraɗi. Maharazu ma ya shiga harkar, har ya sayi babur da rediyo, ya gina gida a gefen gari. A nan na sauka. Sai dai na kasa zama wuri guda. In na zauna a zaure sai in ji kamar ana tsikarina, in tashi in zagaya bayan gida. Shi ya sa na ga abin nan tun daga farkonsa.

Bayan gidanmu ya haɗu da na wani maƙwabci, Elkana, Kirista ne daga Farfaru. Babu katanga tsakani, sai shingen bini-da-zugu wanda ko akuya za ta iya ratsawa. Elkana ba shi da babur, ba shi da rediyo. Kaji gare shi, 'yan gida, ja da baƙi da wake-wake. Akurkinsa na laka ne da rufin ciyawa, a ƙarƙashin bishiyar bedi, ya ɗora shi kan duwatsu, ya huda ƙananan ramuka don iska. Kowace safiya sai ya share, ya barbaɗa toka saboda ƙuma. Direbobi da ma'aikatan kwastan har ƙofar gidansa suke zuwa sayen ƙwai.

Amma abin da aka fi magana a kai shi ne karensa, Kyalle, mai farin tabo a goshi. Wata rana na tambaye shi yadda aka yi kare ke kwance, 'yan tsaki na hawa bayansa.

Ya yi dariya ya ce, "Kalilu, aiki ne, ba magani ba. Tun yana ɗan kwikwiyo nake ɗaura mishi igiya, mu bi shingen nan safe da yamma. In ya sa ƙafa waje in ja, in ce kul! In ya dawo in ba shi lomar tuwo. Wata uku muna haka. Kuma bai taɓa ɗanɗana kaza ba. In matata Dorcas ta gyara kaza, kayan cikin da ƙashin duka binnewa nake yi, in danne da dutse."

Shekara biyu ke nan Kyalle bai ƙetare shingen ba. Ko shaho ya kora, da ya kai bakin shinge sai ya tsaya cak.

Wata la'asar wani direba ya tsaya shan ruwa a zaurenmu, da kwanon ƙwai a hannu. Ya ce, "Maharazu, kun yi dace da maƙwabci. Daga nan har Maraɗi ban ga gida mai tsari kamar nashi ba. Karen nan nashi ya fi wasu mutane hankali."

Maharazu ya ce, "Haka ne." Amma ranar bai ci tuwon kirki ba.

Lokacin kuwa rediyo kullum kira yake a yi noma da kiwo a bayan gida. Cikin mako biyu Maharazu ya tayar da ɗakin kaji na bulo, ya rufa da kwano mai ƙyalli, ya sa raga. Ya je Katsina ya sayo farare arba'in, irin na gidan gona, manya masu rawayar ƙafa. Ya tsaya yana kallonsu da hannu a ƙugu.

Elkana ya leƙo ta saman shinge ya ce, "Barka da arziki, Malam Maharazu. Kaji sun yi kyau. Amma da ka shimfiɗa ciyawa bisa kwanon nan. Zafin bazara bai yi musu."

"Na gode. Waɗanga ba irin na ƙauye ba ne, ba su kwana cikin laka."

"To, Allah shi amfana."

Kwana biyar ba a yi ba kaji suka fara buɗe baki suna haki. Ɗakin ya zama tanda. Kusan kullum sai an yi saurin yanka ɗaya kafin ta mutu. Matarsa Luba ta ce, "Malam, ka sa ciyawar nan mana, mi zai ragu gare ka?"

Ya ce, "In sa, ya leƙo ya ga na bi maganarshi? Ba da ni ba."

Maimakon haka sai ya riƙa sakinsu da rana, suna kwanciya a inuwar rumfa a bayan gida. Daga can kuwa yana hango kajin Elkana suna ta tono lafiya lau, Kyalle na kwance a tsakiyarsu. Direbobi suna wuce ƙofarmu kamar ba su ga ɗakin bulo ba.

A nan ne shaiɗan ya ba shi shawara. Ya san in aka ce kare na shiga gidan Musulmi yana lasar tukwane, mai unguwa zai sa a fitar da shi daga unguwa. Matsalar ita ce karen ba ya shiga. To sai a koya masa.

Wata rana da hantsi na zagaya baya, na tarar da Maharazu tsugune da kasko. Kaza aka yanka, ya tattaro hanji da kai da ƙafafu. Ya jefa hanjin cikin gidan Elkana. Kyalle ya zo ya shinshina, ya ja da baya, ya dubi ɗakin maigidansa. Elkana na gona. Can dai ya lashe.

Na ce, "Yaya, mi kake yi haka?"

"Sadaka nake ba dabba. Laifi ne?"

"Ka san mutumin nan bai ba shi kaza."

Ya miƙe ya dube ni sama da ƙasa. "Kai da ka yi shekara bakwai a Ikko ka dawo da jaka guda, kai za ka koya mini zaman duniya? In zaman gidan ya ishe ka, ga hanya nan."

Na yi shiru. Shirun nan har yau yana damuna.

Kullum sai ya matso da jifan. Ranar farko cikin gidan Elkana, sannan gindin shinge, sannan taku ɗaya a gefenmu. A nan Kyalle ya yi kwana uku yana turjewa. Ya zo bakin shinge ya tsaya, yawu na zuba, yana kuka ƙasa-ƙasa, ya koma, ya sake dawowa. Ban taɓa ganin dabba ta yi kokawa da kanta haka ba. Rana ta huɗu ya ratso, ya cafke ƙafar kaza, ya koma a guje da wutsiya a matse. Bayan mako guda ba ya ma gudu. Shigowa yake yi yana kaɗa wutsiya.

Maharazu ya ce, "Saura in samu shaidu. Litinin zan kira mai unguwa ya gani da idonshi."

Bai kai Litinin ba. Lahadi ranar kasuwar Jibiya ce. Maharazu ya saki kaji a rumfa ya hau babur. Luba ta tafi suna. Elkana da Dorcas suna coci. Ni ma na fita yawona. Ranar ba a yanka kaza ba, don haka babu wanda ya jefa wa Kyalle komai. Shi kuwa ya riga ya san inda abin yake fitowa.

Ni na fara dawowa, wajen azahar. Tun daga zaure na ga farin gashi na yawo a tsakar gida. Da na zagaya baya sai na tarar da ɓarna. Luba na da 'yan kajinta uku na gida, duk sun tashi sun haye rufin kwano suna ta kyarkyara. Fararen nan kuwa nauyi ya hana su tashi, kuma a keji suka girma, ba su san abin gudu ba. Suna nan zube a ƙarƙashin rumfa. Biyar kawai na ga suna motsi. Kyalle na tsakiya, farin goshinsa ya rine, yana kaɗa mini wutsiya.

Da Maharazu ya dawo, ihunsa ya tara unguwa. Aka kira mai unguwa Ya'u. Elkana ya iso da rigar coci a jikinsa, ya tsaya ya daɗe yana kallon karensa.

Maharazu ya ce, "Kun gani ko? Wanga shi ne karen da kuke cewa ya fi mutane hankali! Yau sai an yi mini hukunci!"

Mai unguwa ya ce, "Elkana, mi za ka ce?"

"Baba, karena ne ya yi, ban musa ba. Amma ku ba ni izini in ɗauko wani abu."

Ya shiga gidansa, ya dawo da ƙwarya, ya juye a gaban mai unguwa. Ƙafafun kaji ne, rawaya, sun yi ƙasa-ƙasa, da kawuna biyu masu farin gashi.

"Jiya na tono su a gindin bedi, inda yake ɓoye abin da ya rage mishi. Ni ba ni da farar kaza. Na yi niyyar in zo mu yi magana yau bayan coci." Ya ɗaga ƙafa ɗaya. "Baba, dubi gaɓar nan. Yankan wuƙa ne. Kare bai riƙe wuƙa."

Mai unguwa ya juya ƙafar a hannunsa, ya dube ni. "Kalilu, kai kullum kana bayan gidan nan kamar mai gadi. Ka ji tsoron Allah, mi ka gani?"

Na dubi Yaya, na dubi ƙasa, na faɗi abin da na gani. Luba ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki.

Mai unguwa ya ce, "Maharazu, kai ka gayyato baƙo, ka nuna mishi ƙofa, ka koya mishi cin kaza. Wa kake so in hukunta?"

Wani daga baya ya ce, "Malam, nawa karen ma daƙiƙi ne, ko za ka ɗauke shi karatu?" Aka fashe da dariya. Daga ranar, a tasha da kasuwa, Malamin Kare ake kiransa.

Elkana bai yi dariya ba. Kowa ya san karen da ya ɗanɗana jinin kaza ba ya dainawa, gobe kajin maigidansa zai faɗa wa. Washegari da safe wani maharbi daga Bugaje ya zo ya tafi da Kyalle. Dorcas na kuka a ƙofar gida. Maharazu ya fito, ya tsaya nesa kaɗan, ya ce, "Elkana, zan sayo maka wani. Wanda ka zaɓa."

Elkana ya girgiza kai. "Malam Maharazu, da ka ce mini kajina ke hana ka barci, da na raba su biyu na ba ka rabi, kaza ce, tana sake ƙyanƙyasa. Amma wancan, shekara biyu na yi ina gina shi. Ba a sayar da irinshi a kasuwa."

Ya shiga gida. Bai ƙara leƙowa ta saman shinge ba.

Ya kai mai karatu, darasin da ke cikin labarin nan shi ne, mai hassada ba ya iya lalata abin wani sai ya fara buɗe wa ɓarnar hanya ta cikin nasa gidan. Maharazu ya yi asarar kajinsa da mutuncinsa da maƙwabci nagari, alhali abin da ake nema gare shi bai wuce ya ce "koya mini" ba. In ka ga Allah ya sa wa aikin wani albarka, ka yi masa murna, ka tambaye shi yadda ya yi. In kuma ka ga ɗan'uwanka na shirya mugunta, kada ka yi shiru irin nawa, domin gaskiyar da aka faɗa bayan ɓarna ba ta dawo da abin da aka rasa.