Jatau Mai Jinin Wuta da Tukunyar Kyankyasai

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan samari da 'yan mata.

Ta zo mu ji ta, Kawu!

An yi wani ƙadangare jangwada, sunansa Jatau. Kullum da hantsi sai ya hau katanga ya bubbuga ƙirji, ya ce, "Ni ɗari bai san gidanmu ba. Jinina wuta ne, ku dubi kaina ma ja wur. In na kwanta a kan dutse, sai a gasa gurasa a wurin."

A ƙarƙashin katangar nan akwai wata kaza, Tabawa. Tana da wata tsohuwar tukunya da take kiwon kyankyasai a ciki, don in sanyi ya sauka ƙwari ɓacewa suke yi, 'yan tsaki kuwa ba sa rayuwa da tsaba kaɗai. Tana zuba musu dusa da ɓawon gwanda, ta shafe bakin tukunyar da mai don kada su hauro, ta rufe da faifai, ta kwanta a kai. Kyankyaso in ya ji ɗumi sai haihuwa. In ya ji sanyi sai ya takure, ya daina ci, ya mutu.

Ana nan, ɗari ya kankama, Tabawa kuma ta shiga kwanci. Ga ƙwai, ga tukunya, jiki ɗaya. In ta bar ƙwai su lalace, in ta bar tukunya 'ya'yanta su fito su tarar da yunwa.

Sai ga Jatau. Ya ce, "Haba Yaya Tabawa, ina raye kike wannan wahala? Kawo tukunyar raminmu. Sharaɗi biyu ne kawai. Kullum da yamma ki aiko da toka mai ɗumi a zuba a gindinta. Kuma kada kowa ya zo kafin hantsi, kyankyasai kunya gare su da safe."

Tabawa ta karkata kai, ta dube shi da ido ɗaya. Kunya? Ita da ta tashi cikin kiwon nan ba ta taɓa ganin kyankyaso mai kunya ba. Kuma mai jinin wuta, me zai yi da toka? Amma ba ta da yadda za ta yi, ta ba shi.

Da aka kwana biyu ta leƙa da hantsi. Ta ce, "Jatau, Jatau, yaya tukunya?"

Ya ce, "Tukunya da ɗumi, Yaya, koma kan ƙwanki."

Ta kasa kunne. Da can in ta matso sai ta ji ƙaras-ƙaras-ƙaras kamar ana sheƙa gero. Yau ƙaras-ƙaras kawai. Ta koma kan ƙwanta.

Ta sake zuwa. "Jatau, Jatau, yaya tukunya?"

"Tukunya da ɗumi, Yaya, koma kan ƙwanki."

Ƙaras. Shi ke nan. Ta dubi gindin tukunya, fes, babu toka. Ta dubi cikin Jatau, fari fat kamar an yi masa kwalliya.

Ta ce, "Me ya sa suka yi shiru?"

Ya ce, "Daɗi ne ya yi musu yawa, barci suke."

Ta zo karo na uku. Ba ta ma gama kiran sunansa ba ya ce, "Tukunya da ɗumi!" Ta dube shi. Duk ƙadangarun unguwa sun rame a sanyin nan, haƙarƙari a waje, shi kuwa wuya ya yi kitse, ciki yana jan ƙasa.

Ranar da yamma Tabawa ta aika masa cewa wuta ta mutu a murhu, yau babu toka, ya taimaka da jinin nan nasa. Sannan ta bi gida-gida: Gwaggo Agwagwa, Zakara, Bushiya, har su tantabaru. Ta ce, "Gobe da sassafe ku zo ku ga ikon Allah. Ku zo da 'ya'yanku masu mura, Jatau zai ɗumama su kyauta."

Gari ya waye da wani irin ɗari mai shiga ƙashi. Tabawa ta lulluɓe ƙwanta da ciyawa, ta ja gaba, jama'a na biye. Suka isa bakin rami.

Wayyo! Ga faifai a gefe. Ga Jatau ya ɗare bakin tukunya, ƙafa ɗaya a sama, ya sandare kamar icen girki. Baki a buɗe, da kyankyaso a ciki, rabi ya shiga rabi na waje. Ya ɗauko shi ne sanyi ya kama shi, ya kasa haɗiyewa, ya kasa tofarwa. Idanu kawai ke juyawa.

Gwaggo Agwagwa ta taɓa bayansa da baki, ta yi tsalle. "Kai! Randa ma ta fi shi ɗumi!"

Tabawa ta zare kyankyason nan daga bakinsa, ta mayar da shi tukunya. Ta leƙa. 'Yan kaɗan suka rage, sun dunƙule a ƙarƙashin ɓawo, amma da ransu, sun isa iri. Bushiya ta ce a kai tukunyar ɗakinta, kusa da murhu.

Sai rana ta ɓullo, ta fara sauka a kan Jatau. Abin da ya fara sakewa a jikinsa wuya ne.

Zakara ya ce, "Jatau, kai ka kwana a tokarsu?"

Wuya ya yi sama, ya yi ƙasa.

"Kai ka cinye su?"

Sama, ƙasa.

Tabawa ta ce, "Jatau, Jatau, yaya tukunya?"

Sama, ƙasa, sama, ƙasa. Yana so ya ce a'a, wuya ya ƙi. Jama'a suka fashe da dariya har tantabaru na faɗowa daga katanga. Shi ya sa har yau in kun ga jangwada a rana yana gyaɗa kai, ba gaisuwa yake ba, amsa laifi yake.

To yara, duk wanda ya karɓi amanarku ya ce kada ku zo sai lokaci kaza, ku je masa kafin lokacin.

Ƙurunƙus kan kyankyaso. Kowa ya tashi ya duba tabarmarsa, don na ga wani kyankyaso ya shige ƙarƙashin ta Ladi.