Jirgin Toma a Tsakar Gida

Akwai wata gwauruwa a garin Gaya na bakin kogi, sunanta Filomen, wadda a cikin azumi guda ta yi asarar jika ɗari uku, da katako ɗaya, da kusan rabin girman kanta. Abin da ta samu kuwa shi ne kifi, da barci mai daɗi, da filin shanya a tsakar gida. Har yau in ka tambaye ta ko ta ci riba, harararka za ta yi. Ku dai bi ni a hankali.

Filomen Kirista ce, tana sayar da garin rogo da manja a kasuwa. Kowa ya san ta da taurin ciniki. Ko allura za ta saya sai mai tebur ya share gumi. Ba ta yi lakwal ba, wato makarantar boko, haruffa huɗu kawai ta sani a duniya: gungume mai hula, da ƙwai, da tudu biyu, da bukka. Su ne TOMA, sunan mijinta, wanda ya rubuta da jan fenti a goshin jirginsa na kamun kifi.

Shekara ashirin Toma yana fita kogi tare da abokinsa Hamidu, wani Musulmi mai sanyin hali. Jirgin na Toma ne, tarun na Hamidu. Da ciwo ya ɗauke Toma, ko makoki ba a gama watsewa ba Filomen ta ɗauko keken shanu da ƙarti shida, aka jawo jirgin daga bakin kogi har tsakar gidanta. Tana da hujjarta. Tun da aka rufe gadar Malanbil, wadda ake bi a ƙetare kogin, jirage suka yi daraja, ɓarayi kuma suka buɗe ido.

Hamidu ya biyo keken yana roƙo.

"Uwargida, jirgi ba tunkiya ba ne da za a ɗaure a gida. Katako ne. In ya daɗe bai sha ruwa ba, tsagewa zai yi."

"Na ji. So kake in bar maka shi a banza."

"Wallahi ba haka ba ne. Ki sa masa sarƙa, ki riƙe mabuɗin, amma ki bar shi cikin ruwa."

"Malam Hamidu, kayana a gabana yake kwana."

Ta sa aka ɗora jirgin a kan duwatsu, ta yi masa rumfar zana. Ya cinye tsakar gidan kaf. In za ta je madafa sai ta bi ta gefe kamar ɓarauniya. Wanki a katangar maƙwabta take shanya shi. Da kaza ta motsa sai ta zabura ta leƙo, wai ko an zo sata.

Masu saye sun zo, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Wani ya taya ɗari da hamsin, ta ce albarka. Wani ya kai ɗari biyu, ta ce albarka, kuma ya ja mata ƙofa in zai fita. Ita ɗari uku take so. Gaskiyar da ba ta faɗa wa kowa ba ita ce, ta sa kuɗin da tsada ne don kada kowa ya iya biya.

Haka aka yi rani biyu.

Sai Karem ya zo, wato azumin kwana arba'in da Kiristoci ke yi don shirin Paska, bikin tashin Almasihu. Ranar Laraba ta farko aka shafa wa kowa toka a goshi. Katashis Isufu, mai koyar da addini a majami'arsu, ya ce kowa ya duba abin da ya damƙe da hannu biyu, ya sakar wa Allah shi a wannan azumin.

Da aka fito Filomen ta tare shi a bakin ƙofa, da tokarta a goshi.

"Katashis, ni na bar nama har Paska."

"Mama, yaushe rabonki da nama dama?"

"Ba ruwanka. Na ƙara da goro."

"Madalla. Jirgin fa?"

"Wane jirgi? Kai ɗan nan, a bayana na goye ka kana zubar mini da majina. Yau ni za ka karanta wa wa'azi a bakin ƙofa?"

Isufu ya yi dariya.

"Ni ban ce ki sayar ba, Mama. Na ga dai tun da Baba Toma ya tafi, jirgin ne ke zaune a gidan, ke kuwa gadi kike yi masa."

Ta ja tsaki ta wuce. Amma maganar ta bi ta har gida.

To ita Filomen ba ta wasa da addu'a, sai dai addu'arta ma ciniki ce. Kullum da safe za ta durƙusa ta ce, "Ubangiji, na bar maka komai, yadda ka yi daidai ne. Amma ka ji, kada ya gaza ɗari uku. Kuma mai sayen kada ya zama ɗan unguwar nan, ba na son in riƙa ganinsa a ciki. Kuma ba a wannan watan ba." Sai ta ce amin, ta tashi tana jin ta sallama.

A mako na huɗu na azumin, ga wani mai jigilar kaya, Mutari, ya yi sallama da tsakar rana. Ya ce ya ji labarin jirgin, kuma bai zo jayayya ba, ɗari ukun zai biya. Filomen ba ta taɓa zaton wani zai amsa ba. Tana cikin tunanin yadda za ta mai da shi ɗari huɗu, Mutari ya yaye zanar, rana ta sauka cikin jirgin.

Ya tsuguna ya leƙa ƙasa. Ya daɗe a tsugune.

"Inna, zo ki gani."

Ta sunkuya. A ƙasan jirgin, inda ya kamata a ga inuwa baƙi ƙirin, sai ga layukan haske dogo-dogo kwance a kan turɓaya. Rana ce ke ratsowa ta tsakanin katakai. Mutari ya zura yatsa a wata tsaga, yatsan ya fito ta ɗaya gefen. Ya ƙwanƙwasa goshin jirgin, daidai wurin sunan, sai gari ya zubo. Gara ta cinye cikinsa.

"Wannan ai rariya ce, Inna. In na itacen wuta ne, sai mu yi magana."

"Fita mini daga gida!"

Ya fita. Ta zauna a ƙasa kusa da jirgin, ta rasa wanda za ta zaga. Ɓarawo bai zo ba. Ruwa bai tafi da shi ba. Ita da hannunta ta yi masa rumfa, ta zauna tana gadinsa yana mutuwa.

Kwana uku tana kai da komo kafin ƙafarta ta yarda ta kai ta bakin kogi. Ta tarar da Hamidu yana ɗinkin taru. Tun rasuwar Toma a jiragen mutane yake raɓewa, ran da aka ɗauke shi ya samu, ran da ba a ɗauke shi ba ya koma gida haka nan.

"Malam Hamidu, in ka ce mini ai ka faɗa, komawa zan yi."

"Ban ce komai ba, Uwargida. Ina kwana?"

Ya bi ta gida, ya zagaya jirgin yana shafa shi kamar mai duba mara lafiya. Ya ce zai cusa auduga da tsumma a tsagogin, ya shafe da baƙin gudron, wato kwalta irin ta hanya. Katakon goshi kuwa sai an cire, ya mutu.

"Wanda ke da sunan?"

"Shi."

"Sai kuma me?"

"Sai mu kai shi kogi, mu cika shi da duwatsu, mu nutsar da shi."

Filomen ta dafe ƙirji.

"Yesu na! Ka nutsar? Shekara biyu ina hana shi nutsewa, kai kuma ka zo da duwatsu?"

"Haka ake yi. In ya kwanta a ƙarƙashin ruwa katakon zai sha ya kumbura, tsagogin su haɗe."

"Kwana nawa?"

"Ban sani ba."

"Zai gyaru?"

"Allah ne ya sani."

"To me ka sani?"

"Na san in ya ƙara wata ɗaya a nan, tuwo za ki dafa da shi."

Ta ce ba ta yarda ba. Wane irin ciniki ne wannan, a karɓi kayanka a jefa a ruwa, ba rana, ba alkawari? Ta bar shi ya yi toshiyar, ta bar shi ya cire katakon, wanda ya ruguje a hannunsa tun bai kai ƙasa ba. Amma maganar nutsarwa ta ce a dakata.

Ranar Juma'a Mai Tsarki, ranar tunawa da mutuwar Almasihu, ta je majami'a da rana. Aka karanta yadda ya miƙa ransa ga Uban, aka sauke shi, aka sa a kabari, aka rufe da dutse. Filomen ta ji wannan karatun ya fi sau hamsin. Ran nan ne kawai ta lura cewa bai sa sharaɗi ko ɗaya ba. Ta durƙusa, ta buɗe baki za ta fara lissafa wa Ubangiji ƙa'idojinta kamar kullum, sai kunya ta kama ta. Ta ce, "To. Ga shi nan." Ta jira ko wata magana za ta biyo baya. Babu.

Kafin la'asar keken shanu ya mai da jirgin inda ya ɗauko shi. Hamidu ya ɗaure shi da igiya a jikin turke, aka yi ta loda duwatsu. Ruwa ya shiga a hankali, ya rufe ciki, ya rufe baki, sai kumfa. Filomen ta tsaya har kumfar ta ƙare.

Ranar Lahadin Paska ta ci ado da sabon zane, aka yi waƙa, aka buga ganguna. Ana tashi ta kama hannun Katashis, ta ce ya zo bakin kogi ya ga abin al'ajabi. Ta riga ta gama lissafinta: Juma'a ya shiga, Lahadi zai fito.

Hamidu ya shiga ruwa har ƙugu, ya laluba, ya girgiza kai.

"Da saura."

"Kamar yaya da saura? Yau kwana uku!"

Isufu ya juya baya kafaɗunsa na rawa.

"Mama, jirgi ne fa. Ba Almasihu ba ne."

"Rufe mini baki! Ni na sakar wa Allah, shi kuma ba zai yi abu a kan lokaci ba?"

"Kin sakar masa, ko kin ba shi aro na kwana uku?"

Ta tattare sabon zanenta ta koma gida a fusace, ta tarar da tsakar gida fayau, har ta rasa ta inda za ta bi. Litinin ta je kogi, da saura. Talata ta je, da saura. Laraba ta ce ta gaji, in ya ga dama ya tashi, in ya ga dama ya zauna can. Ta yi wanki ta shanya a gidanta. Ta kwanta ta yi barcin da rabonta da irinsa tun Toma na da rai, kaji suka yi ta motsinsu ba wanda ya leƙo.

A kwana na tara Hamidu ya aiko a kira ta. An kwashe duwatsun, an kwarfe ruwan. Ga jirgin yana lilo a kan kogi, cikinsa a bushe, sai ɗan gumi a kusurwa ɗaya. Goshinsa sabon katako ne fari, ba rubutu.

Hamidu ya sunkuyar da kai.

"Uwargida, yanzu zai sayu. Ba zai kai kuɗin da ba, amma zai sayu. In kina so in nemo miki Mutari."

"Mutarin da ya ce da shi rariya? Kai fa, ba ka so?"

"Ina so mana. Amma ni ba ni da abin taya shi. Sai dai kifi."

"To taya da kifin."

Ya ɗago ya dube ta, ya ga ba wasa take ba.

"Ɗaya duk mako."

"Albarka! Jirgin Toma ne fa, ba ƙwarya ba. Biyar."

"Haba Uwargida, ke kaɗai ce a gida, wa zai ci biyar?"

"Ina ruwanka da cikina? Huɗu."

"Biyu, amma manya."

Filomen ta dubi farin katakon. Sannan ta tsuguna, ta sa yatsa a rairayi ta zana gungume mai hula, da ƙwai, da tudu biyu, da bukka.

"Ka ga waɗannan? Ka mayar da su inda suke, da jan fenti, kada ka rage ko ɗaya, zan duba. Kifi biyu manya duk ranar Juma'a, da sunan mijina a goshinsa yana shan ruwa. Na sallama."

Darasi: Abin da ka ƙanƙame don tsoron kada ya ɓace, a hannunka zai bushe. In za ka bar wa Allah abu, ka bar masa duka, kada ka yanka masa farashi, kada ka sa masa rana, domin ba koyaushe yake mayarwa a kwana uku ba, kuma ba lallai ya mayar da shi yadda ka ba shi ba. A wannan azumin kowa ya leƙa tsakar gidansa ya ga wane jirgi yake gadi. Ku tura wa wanda kuka san ya daɗe bai yi barci ba.