Kujerun Jatau a Lambun Gwaggo Tasalla

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta.

Na rantse ba za ku yarda ba, amma ku gyara zama.

A wani gari akwai wani masassaƙi wai shi Jatau. Wata biyu kacal ya yi a wurin maigidansa, ya gudu, ya ce ai ya fi shi iyawa. Ran nan sai Gwaggo Tasalla, wata ƙatuwar tsohuwa mai lambu, ta kira shi.

"Kujeru uku nake so a gindin mangwaro. Na ƙirya fa, mai jure ruwa da gara."

Jatau ya bugi ƙirji. "Gwaggo, in suka lalace kafin damina uku, a bayana za ki riƙa zama!"

Gwaggo ta dubi mutanen da ke wurin. "Jama'a, kun ji dai ko?"

"Mun ji!"

Sai ya shiga daji. Ya kai wa ƙirya sara ɗaya, gatari ya dawo masa har kafaɗa. Ya ce, "A'a, ba da ni ba." Ya sari rimi, ya sari kuka, ya sari ɗanyar ceɗiya, duk masu laushi. Ya sassaƙa kujeru uku, ya shafe su da jar ƙasa da man kaɗe, suka yi jawur kamar ƙirya. Ya kafa ƙafafunsu cikin ƙasa don kada su yi rawa.

Damina ta faɗi. Ta rimi ta sha ruwa ta ruɓe. Gwaggo ta zauna, sai ji kake ɓurum!

"Jatau!"

"Gwaggo, ai kin ƙara ƙiba ne. Alhamdu lillahi!"

Sai Gara ta zo ta ɗanɗani ta kuka. Ta ce, "Kai! Wannan ƙirya ce ko fanke?" Ta kira danginta, kwana uku suka mai da ita gari.

"Jatau!"

"Gwaggo, garar bana haƙoran ƙarfe gare ta."

Saura ta ceɗiya. Ita kuwa ɗanya ce, ga ta a ƙasa, ga ruwa. Sai ta yi saiwa. Gwaggo ta zauna bayan azahar, gyangyaɗi ya ɗauke ta. Tana farkawa sai ta ga kan mangwaro a ƙarƙashin ƙafarta!

"Innalillahi! Jama'a, kujera ta tafi da ni!"

Gari ya taru, baki buɗe. Da tsani biyu aka sauko da ita. Wani tsohon maƙeri ya kankare jar ƙasar da farce, farin ƙaro ya tsatso. Ya ce, "Ƙirya mai nono? Yau na ga abin mamaki."

Jatau ya juya zai arce, aka cafke shi. Gwaggo ta gyara ɗaurin zane.

"Durƙusa, ɗan nan. Saura damina biyu."

To, mai son abin da zai daɗe a waje, ya sari icen da ke wahalar da gatari, fenti ba ya ruɗin gara.

Kada kuma wani ya tambaye ni abin da ya sa nake tafiya a duƙe. Ga Gwaggo can tana kira, la'asar ta yi.

Ƙurunƙus kan kututture!